Shuɗiyar Shaddar Da Na Bi Har Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban samu sukunin zama a kan keken ɗinkina ba. Wanda ya kawo yadi ya ja benci, wanda bai kawo komai ba ma ya ja benci, kowa tambayarsa ɗaya: "Malam Garba, yaya ƙasar Faransa?" Na gaji da gaya musu cewa Kwatano ba Faransa ba ce, yarensu kawai ta ara. Na ba da labarin teku har bakina ya bushe, na ba da na dogon burodin nan mai kama da taɓarya. Amma akwai wurin da nake zuwa in haɗiye maganar, in ce bari in gama wuyan rigar nan. Wannan wurin ne zan rubuta yau, da izinin wadda abin ya fi shafa. Sunaye kuwa na sauya su.

Ni tela ne a Kibiya, kuma duk abin da allurata ta ratsa ina gane shi ko daga nesa. Ƙanina Sale yana dako a kasuwar gwanjo ta Kwatano tare da samarin yankinmu. Lokacin da zai auri Rabi, 'yar Fammar, na ɗinka masa shuɗiyar shadda, na mai da aljihun ƙirjin ɓangaren dama saboda shi bahago ne. Bayan biki ya koma Kwatano da shaddar, ya ƙara zuwa sau ɗaya da Babbar Salla, ya bar Rabi da ciki.

Wata rana wani dattijo daga Nariya ya miƙo mini waya, ya ce in ɗinka masa irin rigar da ɗansa ya sa a hoto. Na duba, sai ga shaddar Sale, aljihu a dama, kai kuma na wani. Na yi dariya na ce aro ne. Ba a jima ba wani daga Rurum Tsohon Gari ya kawo nasa hoton, ita ce dai, da wani kan daban. A nan dariyar ta fara raguwa. Shi kuma mai rigar ya daina kiranmu ta bidiyo, ya koma murya kawai, daga baya muryar ma ta zama saƙo a rubuce: ina nan lafiya. Inna, wadda ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta kira ni ta ce, "Mai keke, ka je ka gano mini yaron nan da idonka. Lafiyar da ba ta da murya ban yarda da ita ba."

A tashar Rano na samu babbar motar albasa mai zuwa Legas, direban abokin cinikina ne, ya ba ni gaba. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda cewa ɗan Adam yana da mafitsara ba. Daga Kwanar Ɗangora har muka wuce Kaduna ban ga ƙafarsa ta nemi birki ba. Da muka tsaya cin abinci kusa da gadar Jabba na sauko a sandare, takalmina ɗaya ya faɗa kwata, na ƙarasa tafiyar da silifan ɗan kamasho, ɗaya ja ɗaya kore. Warin albasa kuwa ya kama ni yadda har a masallacin Legas na ga na kusa da ni yana hawaye, na ɗauka tsoron Allah ne.

A Legas kowa aboki yake ce mini. Ban taɓa tara abokai haka ba, kuma ba wanda ya ba ni ko ruwa. Daga nan na hau ƙaramar mota zuwa iyaka. Shinge bayan shinge, kowanne da mai kakinsa, har na daina gane wa ke neman me. A na ƙarshe wata ma'aikaciyar lafiya ta nuna mini wani farin abu a goshi, ta ƙare wa fuskata kallo, ta sa na juya tafin hannuwana sama da ƙasa, sannan ta ce in wuce. Na tambayi na bayana me ake nema. Ya ce, "Ƙuraje."

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk rigarsu ɗaya, ruwan ɗorawa, mata kuma suna tuƙa nasu da goyo a baya ba mai ko waiwayensu. Da a Kibiya ne da an yi mako ana zancen. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi, na kusa tambayar ko kunun tsamiya ne. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni bai jin Hausa, ni ban jin nasa, amma da na ce Zango sai ya gyaɗa kai. A can na yi ta tambayar gidan 'yan Kibiya. Abin da na lura shi ne duk wanda na tambaya da baki yake nuna mini hanya, ba wanda ya ce zo in raka ka.

Bayan azahar na isa. Gida ne mai ƙofar kwano a ƙarshen wani lungu. Kun san mutanenmu, in uku suka haɗu sai an ji su daga bakin titi, ga rediyo, ga gardamar ƙwallo. Nan kuwa tsit, sai ƙarar ƙudaje. Na yi ta sallama kafin wani tsoho ya buɗe. Baba Ilu ne, mutumin Rano, wanda ya daɗe a can har ya zama uban gidan. Na miƙa masa hannu, sai ya ɗora nasa a ƙirji ya ja da baya. Raina ya ɓaci, don a gida wannan cin fuska ne.

"Kar ka ji haushi, ɗana," in ji shi. "A gidan nan mun daina musabaha. Kar ka jingina da komai, kar ka sha a kofin kowa."

Na shiga tsakar gida. Tabarmi duk an nannaɗe an jingine. Samari ne da dama, wasu na san iyayensu, suna cin abinci a tsaye, kowa da kwanonsa, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Waɗanda ba su tsaye suna kwance a gefe guda, sun tokare kai da hannu. Ba mutum ɗaya da ke zaune. Suka amsa gaisuwata ƙasa-ƙasa, ba wanda ya tambaye ni mutanen gida. A tsakiyar gidan kuma, a kan igiyar shanya, ga shaddar nan rataye ita kaɗai, an baza hannayenta. Na lura duk mai wucewa sai ya kewaye ta, ba ya bi ta ƙarƙashinta. Tsigar jikina ta tashi, ga rana tsaka.

Baba Ilu ya ba ni labarinta. Ita ce rigar kirki ɗaya tak a gidan. Duk wanda zai aika hoto gida, ko zai kira budurwa, ko zai fita yawon yamma, ita yake zurawa, don kada a ce ɗan wane yana wahala a ƙasar waje. Da ciwo ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya, sai suka yanke cewa an yi wa rigar sammu. Sun kasa sa ta, sun kasa yar da ita.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne kowa da sunan ciwonsa. Yaron Nariya, ɗan dattijon nan, fuskarsa da hannayensa sun cika da manyan ƙuraje masu ruwa, kowanne da ɗan rami a tsakiya, ya ce mini ƙarambau ne. Na Rurum fuskarsa sumul, amma ba ya iya zama ko bayan gida sai da kuka, ya ce basir ne. Wani ba ya iya haɗiye ko yawu, ya ce maƙogwaro ne ya kumbura saboda ruwan sanyi. Wani kuma kaluluwa ce ta fito masa a matsematsi, fitsari yana ƙona shi, ya ce sanyi ne ya gada. Kowa da kwalbar jiƙonsa a gefe.

"Duk ɗaya ne," in ji Baba Ilu, ya rage murya. "Muna yara akwai irinsa, ba a kama sunansa, ado ake cewa." Na gane agana yake nufi. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon lambar da aka yi musu a da. "Wataƙila wannan ce ta sa nake ta jinyarsu ban kwanta ba. Amma na da a fuska yake sallama, kowa ya gan shi. Wannan ta inda ba a nunawa yake shiga."

Sale yana ɗakin ƙarshe. Da na gan shi na yi hamdala, don fuskarsa tas, har ya ɗan yi haske. Ya ce, "Yaya, zazzaɓi ne kawai, ai da ba ka wahalar da kanka ba." Amma ni tela ne, aikina kallon yadda tufa ke zama a jiki. Na ga ya kama gaban wandonsa da yatsu biyu yana nisanta shi da fata, yana tafiya ƙafa a ware. Na ce, "Zazzaɓin a wando yake?" Ya sunkuyar da kai.

Baba Ilu ya ba ni sabuwar tabarma da kofi nawa ni kaɗai, ya sauke ni a barandar wani maƙwabci. Abincinsu wani tuwon masara ne mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da barkonon da ke sa mutum tuna zunubansa. Na ci don kada in faɗi. Washegari na tambayi dalilin da ba wanda ya je asibiti. Wasu suka ce ba su da takardu, wasu suka ce za a kulle su. Gaskiyar kuwa, ba wanda yake son ya tuɓe a gaban wani ya nuna inda abin yake. Na ce wa Sale ko ya bi ni da ƙafarsa, ko in kira Inna in sa ta a bidiyo. Ya bi ni.

Likitar mace ce, tana magana wani ma'aikaci Bahaushe yana fassarawa. Ta sa safar hannu ta duba shi bayan labule, ta ɗebi ruwan ƙurjin da jininsa. Da muka koma karɓar sakamako ta tambayi Sale ko in fita. Ya ce in zauna, don ya tabbata maganar riga za a yi.

Ta ce ƙyandar biri ce. Ta ce ciwon ba fuska ɗaya gare shi ba: wani ya feso masa a duk jiki, wani ƙurji ɗaya tak a al'aura, wani a dubura, wani a maƙogwaro, shi ya sa ake ɗaukarsa ƙarambau ko basir ko sanyi. Ta ce yana bin haɗuwar fata da fata, musamman ta kwanciya, yana kuma iya bin zanen gado da tufafi.

Sale ya yi wuf ya ce, "Ka ji ko, Yaya? Rigar ce!"

Ta ce mai yiwuwa ne. Sannan ta ce ba su tsaya a nan ba, don irin wannan ciwon sau da yawa ba shi kaɗai yake zuwa ba. An yi gwajin ƙanjamau, Allah ya tsare. Amma jininsa ya nuna tunjere, kuma ga alama ba sabo ba ne. Mai fassarar ya dube shi ya faɗa a hankali: "Ta ce wannan kam riga ba ta ɗaukarsa."

Likitar ta tambaya ko yana da mata. Na ce yana da, da tsohon ciki. Sai na ga ta ajiye biro. Ta ce tunjere yakan fara da ɗan gyambo marar zafi, ya ɓace da kansa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ya shige jini ne. A jikin mai ciki yana isa ga ɗan, yana iya kashe shi tun a ciki ko ya fito da lahani. Allura tana maganinsa, amma sai an yi ta da wuri. Ta ce a kai matar a gwada ta, kada a jira ko kwana ɗaya na banza.

A hanyar komawa Sale ya tsaya a bakin wani kanti yana kuka kamar yaro. "Yaya, don girman Allah ka ce rigar ce. In Rabi ta ji, in mutanen Fammar suka ji, ina zan sa kaina?" Ban taɓa jin haushin ɗan'uwana irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba. Na ce, "Kai kanka kake nema wa wurin sawa. Shi na cikin fa?"

Ma'aikatan lafiya suka zo gidan suka duba sauran, aka ware kowa har sai ɓawon ƙurajen ya zube. An yi wa Sale allurarsa. Shaddar kuwa Baba Ilu ya sauke ta da sanda ya cinna mata wuta a bayan gida, samarin suna tsaye daga nesa suna kallo, wasu har da ajiyar zuciya, kamar an kama mai laifin. Ni dai na san ba a kama shi duka ba. Na kamo hanya a ranar, kuma ban tuna komai na dawowar ba sai cewa motar ba ta sauri.

A nan ne tafiyar ta fi wuya, ga shi kuwa na iso gida. Kun san tsakanin yayan miji da matar ƙani. Tun da aka kawo Rabi, maganata da ita ba ta wuce ina kwana ba, ita tana durƙushe, ni ina kallon wani wuri. Ta yaya zan buɗe baki in yi mata zancen abin da ke ƙarƙashin zane? Ga shi ta koma gidansu a Fammar goyon ciki. Sai na bi hanyar da kowa ke bi. Na gaya wa matata Mairo komai. Mairo ta gaya wa Inna, ta rage kaɗan don kada hawan jininta ya tashi. Inna ta aika wa goggon Rabi, ta rage kaɗan don kada a raina ɗanta. Na koma kan kekena ina jin na sauke nauyi.

Da kasuwa ta zagayo na haɗu da mahaifin Rabi, ya riƙe hannuna yana godiya. "Saƙo ya iso, Malam Garba. Mun ƙone tsohuwar hular Sale da ke wurin Rabi, an kuma haɗa mata jiƙon sanyi tana sha. Allah ya kiyaye mu da sammun ƙasar waje."

Na ji kamar an zuba mini ruwa a baya. Ban ko rufe shago ba, na ɗauki Mairo a babur muka nufi Fammar. Dawa ta yi tsayi ta rufe hanya gefe da gefe, ba kowa sai mu. Na tsaya a zaure, Mairo ta shiga ta fito da ita. Rabi ta durƙusa daga bakin ƙofa da ƙyar saboda ciki, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma na juya na fuskanci bango, don in ina ganin ko inuwarta ba zan iya ba. Na faɗa wa bangon nan komai, da sunan ciwon, da hanyar da ake ɗaukarsa, da abin da yake yi wa ɗan ciki. Gumi yana bin bayana har na gama.

Sai Rabi ta yi magana, muryarta a kwance, har da ɗan sauƙi a ciki, kamar mai kwantar mini da hankali.

"Yaya, ai wannan gyambon ya daɗe da warkewa. Bayan tafiyarsa ya fito mini, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya tafi da kansa. Har sadaka na yi."

Mairo ta yi salati. Na tambaya ko ta fara zuwa awo. Ta ce a'a, cikin fari ne, tana jin kunya. Na ce Mairo ta tambaye ta motsin ɗan. Na ji amsar da kunnena: yana yi, amma kwanan nan ba kamar da ba.

Ban jira mahaifinta ya dawo ba. Na samo mota, goggonta tana ta faɗan an zo an ɗauki yarinya ba sallama, na ce ta shigo mu tafi ta ƙarasa faɗan a hanya. A asibitin Rano aka ɗebi jininta, ya nuna abin da ake tsoro, aka yi mata allurar farko nan take, aka ce akwai saura. Sannan malamar awo ta shiga da ita ciki da Mairo don a saurari ɗan. Ni ina waje a jikin taga, na kasa zama. Ina jin na'urar tana shuuu, shuuu, ana matsar da ita, ba komai. Aka sake matsarwa, ba komai. Ban san lokacin da na fara karanta duk addu'ar da na iya ba.

Sai wayata ta yi ƙara. Sale ne. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, ka dai ce rigar ce ko?"

Kafin in amsa sai na ji ta taga, ƙaramin bugun zuciya mai sauri, fat-fat-fat, ba tsayawa. Malamar ta ce, "Alhamdu lillahi, ga shi nan. Za mu ci gaba da bibiya har a haihu, amma yana nan." Mairo ta leƙo tana hawaye, na miƙa mata wayar, ta shiga da ita.

Na ji Rabi ta ce a sake kunna na'urar. Aka kunna, ta bar wayar a kusa, bugun ya cika ɗakin har waje. Yarinyar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ga shi ta yi magana yadda duk wanda ke layin awo ya ji.

"Ka ji shi? To ka tanadi abin da za ka gaya masa. Ni Yaya ya riga ya gaya mini."

Ta kashe wayar.